Yaya Firji a Kan Sikelin Buhu

Wajen ƙarfe goma na safe ne, ruwa ya ɗauke amma gari bai washe ba, kuma bakin ƙofar sitonmu ya zama tafki. Ruwan ya kai idon sawu, ga taɓo a ƙarƙashinsa. A da babu wanda zai damu da wannan tafkin, domin mu aikinmu a ciki yake. Manyan motoci su kawo buhunan hatsi, a auna, a jera, wasu motocin su zo su kwashe. Ni ɗinkin bakin buhu nake yi da facin wanda ya yage, ina zaune a kan benci kusa da sikeli, da basillata da zarena.

Abin da ya sa tafkin ya zama abin magana shi ne dokar taba. An hana sha a tasha, an hana a gidan abinci, an hana a wurin aiki har da filin wurin aikin. Manajarmu kuwa mace ce da ba ta faɗin magana sau biyu. Ta sa aka ja layi da jan fenti a bakin ƙofa, ta ce duk mai son hayaƙi ya tsallake layin ya je ya yi abinsa. To ranar nan duk wanda ya tsallake, a cikin ruwa zai tsaya kamar agwagwa.

Yayana yana cikin waɗanda abin ya dama. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a gidansa nake zaune, shi ya samo mini aikin. A sito Firji ake ce masa, saboda faɗinsa da tsayinsa, kuma ko yaushe ka buɗe aljihunsa ba za ka rasa abin taɓawa ba. Ni dai Yaya nake ce masa. Shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, wadda muke kira Cokali saboda yatsun ƙarfe biyu da ke gabanta. Tun kafin ya yi aure yake kanta, har kujerar ta lotsa ta ɗauki siffarsa. In da hali ba ya taka ƙasa. Da Cokali yake zuwa shan ruwa, da ita yake zuwa bakin banɗaki, in zai gaishe ka ma sai ya matso da ita. In ka ga yadda yake shiga da ita tsakanin jerin buhuna ba tare da ya gogi ko ɗaya ba, sai ka manta da girman jikinsa.

Yana da aboki ɗan dako, ana ce masa Tsinke, siriri kamar da fensir aka zana shi. Tare suka koyi shan taba tun suna samari, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba. Bayan Yaya, Tsinke kaɗai ya iya tuƙa Cokali. Yaya ne ya koya masa, kuma kullum sai ya faɗa a gaban mutane cewa wannan ne kuskuren da ya fi da-na-sani a kai.

Da safen nan su biyun suka tsaya a bakin layi suna kallon ruwa, kowa da karan taba a bayan kunne. Can sai Yaya ya juya Cokali, ya ɗauki katakon da ake ɗora buhuna a kai, ya ce wa Tsinke ya hau. Suka nufi katangar baya. Yaya ya ɗaga katakon har ya wuce tsayin katangar, ya matsa gaba har yatsun suka leƙa waje. Tsinke ya zauna a can sama, ƙafafunsa suna lilo a kan titi, ya kunna tabarsa. A lissafinsu yana waje, doka ba ta taɓa shi ba, takalminsa kuma a bushe.

Saura Yaya, domin shi ba mai ɗaga shi. Ya aike ni in ɗauko masa guntun tiyon da muke wanke ƙasa da shi. Ban san me zai yi da shi ba, na kawo. Ya miƙa wa Tsinke bakin tiyon guda, Tsinke ya cusa kara a ciki ya kunna, Yaya ya riƙe ɗaya bakin yana zuƙa daga kan kujerarsa.

Ana cikin haka Maigadi ya iso. Shi ma tsohon mashayi ne, ya daina, kuma tun da ya daina babu wanda ya kai shi tsanani.

“Firji, me nake gani haka?”

“Tiyo kake gani.”

“Taba kake sha a cikin fili.”

“Je ka duba inda tabar take. Tana waje, ita da mai riƙe da ita.”

Maigadi mutum ne mai son gaskiya. Ya naɗe wando, ya ratsa tafkin, ya zagaya bayan katanga, ya ɗaga kai ya duba. Ya dawo da taɓo har ƙwauri ya ce lalle wutar tana waje, wannan ba gardama, amma hayaƙin a ciki yake fitowa, kuma hayaƙin aka hana. Yaya ya ce in dai wannan ne da sauƙi, zai riƙa mayar da shi inda ya fito. Ya zuƙa sosai, ya cika kumatu, ya hura cikin tiyon da iya ƙarfinsa. Muka ji Tsinke daga sama yana cewa karan ya fice ya faɗa kan titi, a daina.

Muna dariya, Yaya ya fara tari. Da farko mun ɗauka cikin wasan ne. Tarin ya ƙi tsayawa, idanunsa suka kaɗa, gumi ya keto masa, ya dafe ƙirji, sannan ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi shiru. Na kira shi bai amsa ba. Ban san lokacin da na jefar da basillar ba. Mu wajen shida muka sauko da shi, muka sa shi a bayan motar Manaja, ina riƙe da hannunsa har asibiti, hannun ya yi sanyi kamar ba nasa ba. A hanya ya buɗe ido ya tambaye ni ko an kashe Cokali. Na ce an kashe, ga makullin a aljihuna.

Sai da rana ta yi tsaka muka tuna da Tsinke. Ruwa ya dawo tun da daɗewa. Aka same shi a can sama ya lulluɓa da buhun da babu komai a ciki, ya daina kira, yana kallon titi kawai. Da tsani aka sauko da shi, domin babu wanda ya iya tuƙa Cokali.

Likita bai ɓoye wa Yaya komai ba. Ya ce jininsa ya hau, zuciyarsa tana aikin mutum biyu, hayaƙi kuma ya ƙuntata hanyoyin da jinin ke bi. Ya ce ƙiba da taba kowace ita kaɗai ta isa, shi kuwa ya haɗa su a jiki ɗaya. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya bar taba daga yau, ya rage nauyi, ya dawo ƙarshen watan gobe a sake dubawa. Washegari Manaja ta kira shi ofis, ni ina tsaye a bakin ƙofa.

“Ba zan bar mutum ya suma a kan mota da buhuna a sama ba,” in ji ta. “Ka ci gaba da tuƙi a hankali har ranar da likita ya sa. In ya ce nauyin ya ragu, Cokali taka ce. In bai ragu ba, ka sauka.”

Yaya ya fito. Ya je ya ɗauki tsumma ya goge Cokali tun daga yatsu har baya, alhali ba ta yi datti ba.

Maganar taba kam, a ba shi haƙƙinsa, ya bari. Matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta tattara kwalayen da ashanar ta zuba a shara, amma ko ba ta yi ba na san ya tsorata. Kwanakin farko ya zama abin tausayi. Ya yi faɗa da fanka, ya yi faɗa da ƙofar banɗaki, ya ce ’ya’yansa suna tafiya da ƙarfi. Tsinke ne ya ba shi shawara, ya ce ya ji ana cewa mai barin taba kada ya bar bakinsa ba aiki. Daga nan bakin Yaya bai ƙara hutawa ba. Alewa, biskit, gyaɗa, dafaffen ƙwai, burodi a tsoma a shayi mai madara. Inda yake ajiye kwalin taba a gaban Cokali ya koma wurin ajiye leda. A gida Anti ta canza masa faranti zuwa ƙarami, yana cinyewa ya yi godiya kamar mutumin kirki, domin ya riga ya ƙoshi tun a hanya.

Ba mu da ma’aunin mutum a gida. Anti ta ce tun da ina zaune kusa da sikelin sito, in riƙa sa Yaya yana hawa, in kawo mata labari. Sikelin kuwa yana da mai shi. Baba mai awo muke ce masa, dattijo ne da ya tsufa a gaban wannan allurar, kuma ba ya yarda kowa ya karanta ta sai shi. Yana da ƙa’ida ɗaya da yake alfahari da ita: bai taɓa haɗa nauyin hatsi da nauyin buhu ba. Mai saye hatsi ya zo saye, ba buhu ba. Duk abin da ya hau sikelinsa sai an cire masa buhu kafin a faɗi nauyinsa, kuma ya ce ranar da ya daina haka ya zama ɓarawo.

Da safe Yaya ya hau. Ƙarfen ya yi ƙara, allura ta yi rawa ta tsaya daidai inda ta asibiti ta tsaya. Yaya zai sauka, Baba ya ɗaga masa hannu.

“Tsaya, ɗana. Ba a cire buhu ba.”

“Wane buhu, Baba?”

“Riga, wando, bel, hular kwano. Likita nauyinka ya ce, bai ce nauyin wandonka ba.”

Yaya ya ce ko ya tuɓe ne, Baba ya ce ba sai an kai ga haka ba, shi da ido yake sanin buhu. Ya zagaya shi, ya murza yadin rigar tsakanin yatsu, ya faɗi abin da za a cire. Aka cire. Da yamma na gaya wa Anti cewa Yaya ya ɗan ragu. Ta ce kai, tun yanzu, madalla.

Bayan ’yan kwanaki allurar ta wuce inda take tsayawa. Baba ya gyara tabarau, ya tambayi Yaya abin da ya ci da safen. Yaya ya fara lissafawa, ya daɗe bai gama ba. Baba ya ce ai shi ke nan, wannan ba nauyinsa ba ne. Ya ce buhun da mota ta sauke da safe, wata za ta kwashe da yamma, ba a sa shi cikin kayan sito, kayan wucewa ne. Abin da ke cikin Yaya ma wucewa zai yi. Aka cire buhu, aka cire kayan wucewa, sai ga Yaya ya fi ranar farko raguwa.

Wannan hukuncin ya yi wa Yaya daɗi ƙwarai. Ya gane cewa duk abin da ya ci kafin awo cirewa za a yi, don haka ya daina jin nauyin ci. Wani lokacin ma a kan sikelin yake ƙarasa burodin, Baba yana kallo yana ƙara abin cirewa.

Da allurar ta sake gaba, sai maganar danshi ta shigo. Damina ce, kuma duk wanda ya yi aikin hatsi ya san buhu yana shan danshi ya ƙara nauyin da ba nasa ba, in rana ta fito ya tafi. Baba ya danna babban yatsansa a dantsen Yaya, ya saki, ya duba wurin. Ya sa ya buɗe baki ya leƙa. Ya ce wannan danshi ne zalla, a jiƙe yake, ga shi ma yana gumi. Maigadi, wanda yanzu ya zama ɗan kallo na kullum, ya ce shi bai yarda da cire kayan wucewa ba, amma danshi kam gaskiya ne, shi ma ƙofar ɗakinsa ta kumbura.

A hankali awon Yaya ya zama abin da ake farawa da shi kafin aiki. ’Yan dako su taru, direbobin manyan motoci su leƙo ta taga. In Baba ya faɗi sakamako a tafa. Wani direba ya kawo wa Yaya katan guda na lemo don murna, wani ya kawo soyayyen nama a takarda, ya ce mutum yana wannan ƙoƙarin ai sai a ƙarfafa masa gwiwa.

Ni abin da ya ɗan tsaya mini a rai wando ne. Anti ta san ina da hannun ɗinki, sai ta ba ni wandon aikin Yaya ta ce in buɗa ƙugun. Na buɗa. Ba a daɗe ba ta sake kawowa, wannan karon sai da na ƙara ƙyalle a baya. Na huda masa sabon rami a bel da basillata, a can ƙarshe inda fatar ta kusa ƙarewa. Ni ba mai saurin magana ba ne, sai da na kwana da abin sannan na sami Baba shi kaɗai na tambaye shi, cikin ladabi, yadda mutum zai riƙa raguwa wandonsa yana matse shi.

Baba bai ji haushi ba. Ya kai ni bayan sito ya nuna mini buhun ƙaiƙayi da buhun hatsi, ya ce in faɗa masa wanne ya fi girma. Na ce na ƙaiƙayi. Ya ce in ɗaga. Na ɗaga da hannu ɗaya. Ya ce to ka gani, yayanka sakwarkwacewa yake yi, jiki in zai tafi sai ya fara buɗewa tukuna. Na tsaya ina kallon buhunan nan biyu, ga su dai a gabana.

Na kai wa Anti wannan bayanin yadda aka ba ni. Tana yankan albasa, ta saurare ni har na gama, ta dubi wandon da ke rataye a igiya.

“Wannan raguwar tana cin yadi,” in ji ta.

Ta ci gaba da yankan albasarta.

Ana saura ’yan kwanaki a koma asibiti, allurar ta yi wani tsalle da ko danshi bai iya rufewa ba. Baba ya cire buhu, ya cire kayan wucewa, ya cire danshi har da na jiya, duk da haka lissafi ya ƙi. Yaya yana tsaye a kan sikeli, fuskarsa ta canza, ya daina tauna. Nan Tsinke ya sa baki. Ya ce shi dai ba ya son shiga abin da ba nasa ba, amma in an kawo hatsi ai ana cire tsakuwa. Likita kitse yake faɗa da shi, bai ce ƙashi ya yi laifi ba. Don me za a haɗa wa bawan Allah nauyin ƙashinsa?

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce maganar tana kan hanya, amma shi ba ya cire abin da bai auna ba, kuma ba ya ganin ƙashin Firji, an binne shi da nisa. Wani ɗan dako daga baya ya ce ai ga Tsinke nan, tsayinsu ɗaya, kuma shi ban da ƙashi babu komai a jikinsa. Aka sauke Yaya, aka ɗora Tsinke. Baba ya cire masa nasa buhun, domin ƙa’ida ƙa’ida ce, abin da ya rage ya ce shi ne ƙashin Firji. Da aka cire Tsinke ɗungurungum daga jikin Yaya, sai ga shi nauyin Yaya bai fi na ɗan makaranta ba.

Maigadi ya ce anya ba a wuce gona da iri ba, kada likita ya ce ya rame da yawa. Yaya ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan. Ranar ya ci abincin rana sau biyu don ya ɗan cike.

Ranar komawa asibiti muka tafi mu uku, ni da Yaya da Baba, wanda ya sa rigarsa mai kyau ya ce zai zo ya ga yadda nasu sikelin yake aiki. Wata nas mai fara’a ta kai mu wani ɗan ɗaki, ta nuna wa Yaya ma’auni ya hau. Ta duba, ta duba katinsa, ta sake dubawa. Ta ce ya ƙaru, kuma ba kaɗan ba.

Yaya bai damu ba. Ya ci gaba da tsayuwa, hannuwansa a baya.

“To, a cire,” in ji shi.

“A cire me, Malam?”

“Buhu.”

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Baba ya matso ya gaishe ta, ya ce ’yata, shi ma aikinsa ke nan tun ba a haife ta ba, ya yi mata bayanin buhu dalla-dalla. Ta ce ba laifi, Yaya ya cire rigar da bel ɗin ya sake hawa. Ya cire ya hau. Abin da ya sauka bai kai nauyin burodi ɗaya ba. Baba ya kawo maganar kayan wucewa, ta ce wanda ya wuce ya wuce, wannan da take gani ya zauna. Ya kawo danshi, ya ce ta danna dantsen ta gani. Da ya iso kan ƙashi, har ya fara cewa da ya sani da ya taho da Tsinke, sai ta rufe bakinta da katin, kafaɗunta suna rawa. Ta daɗe a haka. Da ta sauke katin ta share ido, ta yi magana a hankali.

“Baba, zuciyarsa ba ta cire komai. Duk abin da ya hau nan, ita ke ɗauke da shi, dare da rana.”

Baba ya matsa gaba. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin ma’aunin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya miƙe ya ce sikelin dai lafiyarsa lau.

Likita ya saurari ƙirjin Yaya ya ce ya ji daɗi, numfashin ya fi na da, kuma barin taba shi ne babban abin da ya yi wa kansa a rayuwa, kada ya kuskura ya koma. Ya ce da yawa in sun bari sukan ƙara jiki, ba shi ne farau ba, amma nasa ya yi yawa, jinin kuma bai sauka yadda ake so ba. Ba zai iya cewa a bar shi a kan mota ba. Ya ce ya ajiye alewa da lemo, ya riƙa tafiya da ƙafa kullum, in an ga canji nan gaba a sake magana. Yaya ya tambaya ko tafiya a kan Cokali a hankali tana cikin lissafi. Likita ya ce a’a.

Muka shiga motar haya. Can Baba ya ce, kamar da kansa yake, shi dai bai taɓa cutar kowa a awo ba. Yaya ya ce ya sani, Baba. Ya ciro alewa daga aljihu, ya dube ta, ya miƙa wa wani yaro da ke kan cinyar uwarsa.

Manaja ta yi yadda ta ce. Ba ta kore shi ba, ta mayar da shi tura baro, daga bakin sito zuwa wurin ɗinki, ya kawo mini buhunan da suka yage ya mayar da waɗanda na gyara. Ta ce ya ba Tsinke makulli. Yaya ya ciro shi daga zoben makullansa, abin ya ɗauke shi lokaci. Bai miƙa wa Tsinke a hannu ba, a kan tebur ya ajiye ya fita. Tsinke ya tsaya yana kallon makullin kamar an ce ya ɗauki garwashi, sai da Manaja ta ce aiki yana jira.

Daga ranar Yaya da Tsinke suka daina magana. Ba faɗa suka yi ba. Tsinke in ya hango Yaya sai ya bi ta wani layin buhunan, Yaya in ya ji ƙarar Cokali sai ya sami abin dubawa a tayar baro. Sito ya yi shiru, har Maigadi ya ce wurin ya zama kamar ɗakin jira. A gida Yaya yana cin abin da Anti ta zuba a ƙaramin farantin, yanzu da yunwarsa ta gaske, ya kwanta da wuri saboda ƙafafunsa suna zugi. Wata safiya na ga ya tsaya a gaban teburin mai sayar da taba a kan hanyarmu. Na rage tafiya. Ya daɗe yana kallon kwalayen, sannan ya tambayi mutumin ko ƙarfe nawa, aka gaya masa, muka wuce.

Ana nan wata rana da hantsi, Yaya ya turo baro cike da buhuna ya kai tsakiyar fili, sai igiyar takalminsa ta kwance. Ya taka ta ya yi tuntuɓe, ya ajiye baron. Ya sunkuya, cikinsa ya tare shi tun hannun bai wuce gwiwa ba. Ya miƙe ya huta, ya ɗora ƙafar a kan tayar baro ya sake gwadawa, baron ya gangara gaba. Ya waiga ko akwai mai kallo. Kowa ya yi kamar yana aiki. Ina daga nesa da buhu a cinya, na soke basilla zan tashi, sai ga Cokali ta fito daga cikin sito da kaya a gaba.

Tsinke ya tsayar da ita dab da shi, ya sauke kayan ƙasa, ya diro. Bai dubi fuskar Yaya ba. Ya durƙusa ya ɗaure igiyar, ya ja ta da kyau, ya kwance ta ɗaya ƙafar ma ya sake ɗaurewa. Ya karkaɗe gwiwarsa, ya koma kan kujera, ya ɗaga kayansa, sannan ya danna ham don a ba shi hanya.

Yaya ya kama hannuwan baro ya matsa gefe, Cokali ta wuce, ya turo buhunan zuwa wurina.